Shirin talabijin kan farkon ƙanjamau a Landan: me ya kamata mu sa wa ido?

Ɗan Fim: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Juma'a 22 ga Janairu 2021 tashar Channel 4 ta Birtaniya za ta fara nuna wasan kwaikwayo mai kashi biyar, It's a Sin, wanda Russell T Davies ya rubuta. Labarin wasu samari ne masu neman maza da suka haɗu a Landan, daga 1981 zuwa 1991, wato shekarun da ƙanjamau ya bayyana ya shiga cikinsu kafin kowa ya san mene ne. Tun yanzu a sani, ba na yara ba ne, ƙarfe tara na dare za a sa shi. Ina roƙon likitocinmu da ma'aikatan jinya su faɗa mana abin da ya faru a zahiri, don mu gane inda shirin ya bi gaskiya da inda ya taƙaita.

Malamin Tarihi: Wa'alaikumus salam. Abu na farko da zan duba shi ne ko za su nuna yadda labarin ya iso Landan a gutsure. Ranar 5 ga Yuni 1981 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga ɗan gajeren rahoto kan samari biyar a Los Angeles, dukansu 'yan luwaɗi, da suka kamu da wata nimoniya wadda ba ta kama mai lafiya. Biyu sun riga sun rasu. Wata guda bayan haka jaridar New York Times ta ba da labarin mutum 41 masu wata sankarar fata da ba kasafai ake gani ba. Babu intanet a lokacin. Saurayin da ke Landan sai dai ya ji a bakin wanda ya dawo daga Amurka, ko ya ga layi uku a ƙasan shafin jarida. A Disamba 1981 aka ba da rahoton mutuwar farko a Birtaniya, a asibitin Brompton. Terrence Higgins ya rasu ranar 4 ga Yuli 1982 a asibitin St Thomas yana da shekara 37, abokansa suka kafa ƙungiya da sunansa, tana nan har yau. Saboda haka idan kun ga wani a kashin farko yana cewa ƙarya ce, ba wauta marubucin ya ɗora masa ba. Ba ƙwayar cuta da aka gani, ba gwaji, ba ko tsayayyen suna.

Likitar Ƙirji: Malam ya yi daidai. Abin da shiri mai kashi biyar zai sha wuyar nunawa shi ne tsawon lokacin da cutar ke ɗauka. Mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwayar ta shiga jiki, da yawa kan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kaluluwa da ƙuraje, abin ya wuce. Daga nan mutum garau yake, a matsakaici shekara takwas zuwa goma, alhali ƙwayoyin garkuwa na CD4 suna raguwa. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500 a kowane maikurolita na jini. Sai sun sauka ƙasa da 200 nimoniyar nan ta nimosistis ke samun ƙofa. Ƙasa da 100 sai sanƙarau na fungas da ƙurjin ƙwaƙwalwa. Ƙasa da 50 sai ƙwayar CMV ta cinye bayan ido, mutum ya makance. Ma'ana, yawancin waɗanda suka mutu a 1982 da 1983 tun shekarun 1970 suka kamu. Babu gargaɗin da suka ƙi ji, don ba a yi gargaɗin ba tukuna.

Ita nimoniyar, in suna son su nuna ta yadda take, ba tarin jini ba ne kamar yadda 'yan fim suka saba. Busasshen tari ne na makonni, ba kaki. Saurayi ya hau bene hawa ɗaya ya tsaya yana haki. Ka sa abin sauraren ƙirji ka ji huhu shiru lafiya, amma ka sa shi ya ɗan taka, iskar oksijin ta jininsa ta faɗi. Hoton ƙirji ya nuna hazo a huhu biyu. Ƙwayarta ba ta tsirowa a ɗakin gwaji, sai an zura bututu a huhu an wanko ruwa an duba. Magani Septrin ne mai yawa, kwana 21, sai dai masu ƙanjamau da yawa a mako na biyu jikinsu kan feso da ƙuraje da zazzaɓi, a tsayar. A koma pentamidin, shi kuma yana kada sukarin jini da hawan jini, yana taɓa ƙoda. Wannan pentamidin ɗin ma shi ya fara tona asirin annobar: CDC kaɗai ke raba shi a Amurka, wata ma'aikaciyarsu Sandra Ford ta lura likitocin New York sun yi ta neman sa don samari da ba a san dalilin raunin garkuwarsu ba.

Baban Hanifa: Likita, Allah ya ƙara basira, amma ni ban ga dalilin da za mu zauna muna jiran wannan shiri ba. Hukuncin luwaɗi a addininmu a fili yake, kuma irin waɗannan finafinai ƙawata shi suke yi. Na biyu, an sha wahala kafin mutanenmu su yarda cewa matar aure da ba ta taɓa fita ba tana iya kamuwa. Yanzu a zo da shirin da zai nuna maza zalla suna mutuwa, ai aikin baya za a mayar. Mai sayar da shayi ya gani a waya, gobe ya ce ciwon 'yan luwaɗi ne, shi babu ruwansa da gwaji.

Likitar Ƙirji: Baban Hanifa, ba wanda ya ce dole ka kalla, kuma ba fatawa aka zo nema ba. Damuwarka ta biyu kuwa gaskiya ce, ita ce ma ainihin abin da ya faru a Amurka. A 1982 har suna aka laƙaba wa cutar, GRID, mai nufin ta 'yan luwaɗi ce, kafin a sauya zuwa AIDS a cikin shekarar. Dubi abin da wannan zaton ya jawo. A Yuli 1982 aka samu masu ciwon rashin daskarewar jini uku da cutar. A Disamba aka samu jariri a San Francisco da ya kamu bayan ƙarin jini. Ranar 4 ga Janairu 1983 CDC ta tara masu bankin jini a Atlanta, ta ba da shawarar a riƙa amfani da wani gwajin ciwon hanta nau'in B wajen tace jini, tunda yawancin masu sabuwar cutar suna ɗauke da alamarsa. Aka watse ba matsaya, ana cewa hujja ba ta isa ba kuma da tsada. Sai Maris 1985 aka fara tace jini da gwajin HIV. Kusan rabin masu ciwon rashin daskarewar jini na Amurka suka kamu. A Birtaniya kimanin 1,250, da yara a cikinsu, domin maganinsu, Factor VIII, daga jinin dubban mutane ake haɗa kowane zubi, mutum ɗaya mai ƙwayar ya isa ya gurɓata duka. Mata kuma sai 1993 aka sa sankarar bakin mahaifa da tarin fuka na huhu cikin ma'aunin da ake cewa mutum ya kai matakin ƙanjamau. Kafin nan mata da yawa sun mutu ba a ƙirga su ba. Ƙyamar da aka yi wa rukuni ɗaya ce ta sa aka ƙi gaggawa, waɗanda ba a ko tuna da su ba suka biya.

Baban Hanifa: Wannan na jinin ban san shi ba. Amma har yanzu tambayata na nan: me ya sa a cikinsu ta fara bayyana in ba halinsu ne ya jawo ba?

Mai Ɗakin Gwaji: Ranka ya daɗe, amsar tana cikin lissafi. Alƙaluman CDC na haɗarin kamuwa a saduwa 10,000 ba kariya da mai ƙwayar da ba ya shan magani: wanda aka sadu da shi ta dubura, kusan 138. Mace ta farji, kusan 8. Namiji ta farji, kusan 4. Fatar cikin dubura siririya ce, tana saurin tsagewa, kuma tana cike da irin ƙwayoyin da HIV ke kamawa. Ka haɗa da ƙaramin rukuni a 'yan birane da ke cuɗanya da juna, ga ciwon sanyi da tunjere da ke buɗe rauni, ga kwaroron roba da a lokacin na hana ciki kawai aka ɗauke shi. Wuta ta samu busasshiyar ciyawa. Amma inda aka fara gani daban, inda ta fara daban. Binciken ƙwayoyin halitta ya kai asalinta ga birai nau'in cimfanzi na kudu maso gabashin Kamaru, ta fara yaɗuwa a Kinshasa wajen shekarun 1920, kuma akwai samfurin jini na 1959 daga can mai ɗauke da ita. Ta isa New York wajen 1970 ta hanyar yankin Karibiyan. An gan ta a Los Angeles ne saboda akwai asibitocin da ke iya wanke huhu su gano nimosistis, da hukumar da ke ƙirga.

Ina fata kuma kada su maimaita zancen Gaëtan Dugas, ma'aikacin jirgin sama ɗan Kanada da aka yi shekaru ana cewa shi ya kai cutar Amurka. A 2016 aka binciki tsohon jininsa, aka tabbatar ƙwayar ta daɗe a can kafin ta kama shi.

Na Damagaram: A nan nake tare da Baban Hanifa a rabin maganarsa. A Nijar SIDA muke cewa, an fara samun ta a 1987, a Najeriya an sanar a 1986, kuma tun farko fuskarta daban ce. A gundumar Rakai ta Yuganda tun farkon shekarun 1980 mutane ke ramewa da zawo suna mutuwa, maza da mata. Masu bincike a Kinshasa a 1983 da 1984 sun tarar adadin mata da maza kusan ɗaya ne. Kuma abin da ya fi kashe masu ƙwayar a wajenmu tarin fuka ne. Duk wanda zai tura wa wani wannan shiri, ya haɗa da bayanin cewa labarin Landan ne. A yammacin Afirka mata sun fi maza yawa cikin masu ɗauke da ita.

Anti Nas: Ni ɗakin kwanciya zan sa wa ido, don nan ne aka fi zaluntar mutanen nan. A shekarun farko ana ware majinyaci a ɗaki shi kaɗai, a manna takardar gargaɗi a ƙofa. Mai raba abinci ya ajiye tire a ƙasa bakin ƙofa ya tafi, mutumin da ba ya iya tashi yana kallon abincinsa har ya huce. Ana shiga da takunkumi da riga da safar hannu biyu don a miƙa ruwa kawai. An ƙona zannuwa da tufafi. Wasu masu binne gawa sun ƙi karɓa. A 1985 Ingila ta yi ƙa'idar da ta ba kotu ikon tsare mai ƙanjamau a asibiti, a Satumbar shekarar aka yi amfani da ita kan wani mutum a asibitin Monsall na Manchester, daga baya aka ɗage umarnin. Duk wannan kan cutar da ba ta bin iska, ba ta bin kofi ko cokali, ba ta bin sauro.

Masu jinya ne suka fara gyara. A Yuli 1983 babban asibitin San Francisco ya buɗe ɗaki na 5B, duk wanda ya yi aiki a ciki shi ya nemi a kai shi, aka bar masoya su kwana kusa da mara lafiya. A Afrilu 1987 Gimbiya Diana ta buɗe ɗakin Broderip a asibitin Middlesex na Landan, ta yi musabaha da majinyaci ba safar hannu. Ku nemi hoton ku duba: ta baya aka ɗauki mutumin, fuskarsa ba ta fito ba, saboda tsoron abin da zai same shi in an gane shi. Darasin da aikinmu ya ɗauka shi ne wanda CDC ta tsayar a 1987: a ɗauki jinin kowane majinyaci a matsayin mai haɗari, safar hannu wajen jini da ruwan jiki, kada a mayar da murfin allura, a jefa ta kwalin allurai. Masu wankan gawa ma abin da suke buƙata ke nan, safar hannu da leda a gaba, a yi wa mamaci sutura kamar kowa.

Ɗan Fim: Anti, na gode. A tallan irin waɗannan shirye-shirye kullum ana nuna tabo a fuska. Mene ne shi?

Likitar Ƙirji: Sankarar Kaposi. Tabo ne ja-ja mai duhu, ba ƙaiƙayi ba zafi da farko, a kan hanci, bayan kunne, ƙafa, ko ganɗar baki. A baƙar fata launinsa baƙi-baƙi ne, shi ya sa ake saurin tsallake shi, a riƙa leƙa cikin baki. Ba HIV ke haddasa ta kai tsaye ba. Wata ƙwaya ce daban, HHV-8, wadda Yuan Chang da Patrick Moore suka gano a 1994, tana kwance sai garkuwa ta faɗi. Muhimmancinta a labarin shi ne ba ta ɓoyuwa. Da tabon ya fito a fuska, mai gida, wurin aiki da iyaye duk sun sani. Samari da yawa a rana ɗaya iyayensu suka ji labari biyu: ɗansu mai neman maza ne, kuma zai mutu.

Mai Haɗa Magani: Shirin zai ratsa 1987, don haka AZT, maganin HIV na farko, zai fito. An ƙirƙire shi a 1964 don sankara bai yi aiki ba, aka ajiye. A gwajin 1986 na mutum 282, cikin masu shan ƙwayar banza, wadda ba magani a cikinta, 19 suka mutu, cikin masu AZT ɗaya, aka tsayar da gwajin, aka amince da shi a Maris 1987. Kuɗinsa kusan dala 10,000 a shekara. Ana shan miligiram 200 duk awa huɗu dare da rana, mutane na yawo da ɗan akwati mai ƙararrawa da ke tashinsu cikin dare. Wannan adadin yana danne ɓargo, jini ya ƙare, wasu sai da ƙarin jini a kai a kai, ga tashin zuciya da ciwon kai. Daga baya aka ga rabin adadin ya isa. Babbar matsalar ita ce shi kaɗai ne. HIV na hayayyafa biliyoyi a rana kuma tana yawan kuskure wajen kwafar kanta, cikin watanni sai a samu irin da maganin bai kashewa ya cika jini. Gwajin Concorde na Birtaniya da Faransa ya nuna fara shi da wuri ga marasa alama bai ƙara musu kwana ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Septrin. Tun 1977 aka nuna yana hana nimosistis kama yara masu sankarar jini. Wasu likitocin New York irin su Joseph Sonnabend sun riƙa ba majinyatansu don rigakafi, amma sai 1989 hukuma ta fitar da ƙa'ida. Ƙwaya mai arha tana kan kanta, nimoniyar na kashe dubbai.

Malamin Tarihi: A gefen gwamnati kuma a yi adalci. Ministan lafiya Norman Fowler ya matsa har aka aika takardar wayar da kai ga kowane gida a Birtaniya a farkon 1987, da tallan talabijin mai nuna ana sassaƙa dutsen kabari. Aka kuma yarda da musayar allura ga masu allurar ƙwaya, abin da ya rage yaɗuwa a cikinsu. Amma gwamnatin Thatcher ɗin ce a 1988 ta kafa Sashe na 28 da ya hana ƙananan hukumomi abin da ta kira tallata luwaɗi, malaman makaranta da yawa suka tsorata suka daina taɓa zancen gaba ɗaya, har da na kariya. Sai 2003 aka soke shi a Ingila. A Amurka sai Mayu 1987 Reagan ya yi cikakken jawabi kan cutar, bayan mutum fiye da 20,000 sun mutu.

Baban Hanifa: To Likita, a nan gida me kike so a yi da irin waɗannan mutanen? Doka ta hana abin.

Likitar Ƙirji: A yi musu gwaji, a ba su magani, a rufa musu asiri, kamar kowane majinyaci. Dokar Najeriya ta hana auren jinsi ta Janairu 2014 tana nan, dokar hana nuna bambanci ga masu HIV ta 2014 ita ma tana nan. Binciken da aka yi a Abuja ya nuna bayan dokar farko mazan sun ƙara jin tsoron zuwa asibiti. Wasunsu suna da mata da 'ya'ya. Wanda ya ɓuya bai sha magani ba, ƙwayar na cika jininsa, matarsa ce ta farko a layi, sai jaririn da ke cikinta. Ba magani, uwa na sa wa jariri kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari. Da magani, ƙasa da kashi 5.

Anti Nas: Kuma masu kallo su riƙe cewa a 1991 shirin zai tsaya, shekara biyar kafin a samu sauƙi. A 1996, a taron Vancouver, aka nuna haɗa magani uku na danne ƙwayar har gwaji ya kasa ganin ta. Kada wani mai ɗauke da ita ya kalli kashi na biyar ya ɗauka makomarsa ke nan. Ku da kuka san mai shan magani, kada ku tura masa shirin ba tare da kun faɗa masa abin da ke ciki ba.

Ɗan Fim: Wani ya turo mini tambaya ta gefe, bai son a ga sunansa: idan mutum yana zargin ya haɗu da ƙwayar jiya, me zai yi?

Mai Ɗakin Gwaji: Ya tafi asibitin da ke ba da maganin HIV yau ɗin nan, ya nemi PEP, wato maganin rigakafi da ake sha bayan haɗuwa da ƙwayar. Dole a fara cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Za a fara yi masa gwaji don a san matsayinsa na yanzu, sannan ya sha kwana 28 ba fashi. Inda ake samun matsala biyu ne: a daina a mako na farko saboda tashin zuciya, ko a ga gwajin ranar farko babu komai a ce an tsira. Gwajin tsinken yatsa garkuwar da jiki ya yi yake nema, tana iya ɗaukar har wata uku kafin ta bayyana, don haka a maimaita bayan wata uku.

Mai Haɗa Magani: In kuma gwaji ya nuna akwai, yanzu ba a jiran CD4 ta sauka, nan take ake farawa. Ƙwaya ɗaya ce a rana, TLD: tenofobir miligiram 300, lamibudin 300, dolutegrabir 50, kyauta a cibiyoyin gwamnati. Kada a haɗa ta lokaci guda da maganin gyambon ciki mai alli ko ƙwayar ƙarin jini, suna hana ta shiga jiki: a sha TLD awa biyu kafin su, ko awa shida bayan su. Mai shan maganin tarin fuka ya faɗa, don rifamfisin na rage ƙarfin dolutegrabir, sai an ƙara masa miligiram 50 bayan awa 12. Bayan wata shida a auna yawan ƙwayar a jini. In ta sauka ƙasa da 200 a kowane mililita na jini ta zauna a nan, ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa.